Tambaya da Amsa: An ce mu haɗa dokumentari, ga waya ga ƙurarren lokaci

Da alama lokacin furojet ya kama, don saƙonnin wannan makon kusan duk na ɗalibai ne da aka ce su haɗa ɗan gajeren dokumentari kafin ƙarshen semista, kuma kowa hankalinsa a tashe. Na tsamo waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, masu tsawo na ɗan datse su. Masu tambayar wace kyamara za su saya, amsarku na cikin ta biyu, ko da yake ba lallai ta yi muku daɗi ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ina ajin ƙarshe ne a sashen koyon aikin jarida, an ce kowane rukuni ya yi dokumentari na minti goma mu biyar ne, mun zaɓi matsalar shara a birane amma supabaiza ya dawo mana da takardar wai ya yi faɗi, mu kuma mun rasa me ya yi faɗi a ciki tunda shara ai shara ce, dan Allah a taimaka sati shida ya rage mana.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Supabaizanku bai zalunce ku ba. "Matsalar shara a birane" kan maƙala ne, za ka cika shafi hamsin da shi ba ka gaji ba, amma ɗora kyamara a kai ka gani, me za ta ɗauka? Bola, wata bolar, sai wani jami'i a bayan tebur yana cewa ana iya bakin ƙoƙari, sai muryar ɗayanku tana karanto alƙaluma. Kafin minti biyu mai kallo ya zaro wayarsa. Kyamara mutum take ɗauka yana yin wani abu, saboda haka ku nemo mutum ɗaya da sharar nan ita ce rayuwarsa. A ce mai sharar titi da ke fitowa tun gari bai waye ba. Ku bi shi tun yana ɗaura takalmi a duhu, ku ɗauki safar hannunsa da ta ɓule a babban yatsa, ku ɗauki yadda yake tsame fasasshiyar kwalba da yatsu biyu ya ajiye gefe don kar ta yanki wanda zai ɗaga buhun bayansa, in ya gama kuma kada ku naɗe kaya, ku tsaya mu ga mutum na farko da zai yar da leda a inda aka share yanzun nan. Ba ku yi wa kowa lacca ba amma abin da kuke son faɗa ya fito.

Ga gwajin da za ku yi kafin ku koma wurin supabaiza: ku rubuta fim ɗin a jimla ɗaya, wane ne, me yake nema, me ya tare masa hanya. In jimlar ta ƙi tsayawa sai da "da kuma, da kuma", to har yanzu da sauran faɗi. Minti goma ba ya ɗaukar mutum uku. Masu ba da kyautar Oscar duk fim ɗin da bai wuce minti 40 ba gajere suke lissafa shi, kun ga naku rubu'in haka ne ma. Finafinan farko da 'yan uwan nan Lumière suka nuna a Faransa a 1895 kowanne bai kai minti ɗaya ba, kuma abu guda ne a ciki, ɗaya daga ciki ma'aikata ne kawai suna fitowa daga ƙofar masana'anta.

Zuwan farko ku je ba kyamara, ku zauna ku yi hira ya saba da fuskokinku, a nan za ku gane ko mai iya ba da labari ne ko kuwa sai an ciro magana daga bakinsa da ƙyar. Ku kuma tanadi mutum na biyu a gefe, mutane na fasawa ana gobe ɗauka. Ku biyar ɗin nan kowa ya san aikinsa: mai tambaya, mai kyamara, mai sauti, mai neman izini da tsara lokaci, sai mai tacewa. In kowa darakta ne za ku dawo da faɗa ba fim ba. Sati shidan kuma ku bar wa tacewa uku cif, na san za ku ce ya yi yawa, bai yi ba.

Tambaya: Malam barka da aiki, ni ɗaliba ce, wasu 'yan ajinmu sun haɗa kuɗi za su yi hayar babbar kyamara ni kuma waya kawai gare ni, wallahi ji nake kamar tun ba a fara ba an kayar da ni, waya za ta iya ko in daure in ci bashi?

Amsa: Ƙanwata kada ki ci bashin kowa. Abin da ke kashe finafinan ɗalibai sauti ne, hoto ba kasafai ba. Mai kallo zai haƙura da hoton da ya ɗan dushe in yana jin magana tar, amma ki ba shi hoto garau da murya kamar daga cikin rijiya, zai tashi. Kuma masu hayar babbar kyamarar nan in suka dogara da makirfon da ke jikinta, ke da wayarki za ki fi su.

Dalilin nisa ne. Duk lokacin da tazara tsakanin baki da makirfo ta ninka, ƙarfin muryar na raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), ita kuwa hayaniyar wurin tana nan yadda take. Kyamara na tsaye mita biyu daga mutum, saboda haka makirfon da ke jikinta ɗakin yake ɗauka fiye da mai maganar. Maganin shi ne makirfo ya matsa. In za ki sayi abu ɗaya tak, ki sayi ɗan ƙaramin makirfon nan da ake maƙalawa a wuyan riga, ki sa shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da baki, ki tabbata mayafi ko sarƙa ba sa gogarsa. In babu, ari waya ta biyu, kunna rikodar murya, ajiye ta kusa da mutumin inda hoto bai kama ba. Da kin kunna duka biyun sai ki tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, wannan tafin zai fito kamar tsini a layin sautin duka fayilolin, a nan za ki haɗa su wurin tacewa. In manhajar rikodar na ba da zaɓin ingancin sauti ki sa 48 kHz, shi ake amfani da shi a bidiyo, in kuma tana nuna ma'aunin ƙarfin sauti ki bar muryar tana kaiwa wajen desibel -12, kar ta taɓa ja, don muryar da ta fashe da wuya ta gyaru.

Kafin ki fara ki rufe ido ki saurari wurin na ɗan lokaci. Za ki ji fanka, za ki ji firij yana gurnani, abubuwan da kunne ya saba da su har ya daina ji amma makirfo bai saba ba. A kashe su (ki tuna ki kunna wa mutane firij ɗinsu kafin ki tafi). Ɗaki fanko mai tayil amsa kuwwa yake, mai labule da kujeru da katifa ya fi. Ki sa iyafis a kunne tun daga farko har ƙarshe. In an gama hira kowa ya yi shiru ki ɗauki daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya na shirun ɗakin, da shi za ki cike gurbin da kika yanke, in ba haka ba duk yanka sai kunne ya ji shi.

Hoton kuma ba wuya. Waya a kwance, ba a tsaye ba. A zaɓin girman hoto, 1080p ya ishe ki, 4K ninkinsa huɗu ne a yawan ɗigon hoto, zai cinye memori ya kuma wahalar da kwamfuta a banza. Adadin hoto a daƙiƙa ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai har ƙarshen aikin: inda wutar lantarki ke tafiya a 50 Hz a sa 25, inda take 60 Hz a sa 30, in an saɓa za ki ga fitila na ƙyafta ido a hoton. Danna fuskar mutumin a allo ki riƙe har waya ta kulle haske da saiti, in ba ki kulle ba duk motsin da ya yi sai hoton ya yi duhu ya yi haske. Taga ta kasance a gabansa ko gefensa, in tana bayansa inuwa za ki ɗauko. Kar ki ja hoto da yatsu, ki taka ki matsa. Goge gilashin kyamarar, sa waya a yanayin jirgi don kar kira ya katse miki ɗauka a daidai inda magana ta yi daɗi, sannan ki samo abin da za ki kafa ta a kai, ko tarin littattafai ne.

Tambaya: Malam mun yi intabiyu da wata tela da muke fim a kanta, a zaune ba kyamara tana ta zuba amma da muka kunna sai eh da a'a da "to Alhamdulillahi", minti ashirin ba abin ɗauka, mu canza ta ne?

Amsa: Kada ku canza ta, tambayoyinku za ku canza. Ina kyautata zaton irin su "shin kina jin daɗin sana'arki?" kuka yi, to me za ta ce in ba eh ba? Ku tambaye ta rana guda, ba ra'ayi ba. "Ba ni labarin ranar da kika fara taka keke." "Wane ɗinki ne ya taɓa hana ki barci?" "Da mai kayan ta zo ta ga an ɓata, me ta fara cewa?" Mutum ba ya iya amsa irin wannan da kalma ɗaya. Kada kuma ku ba ta tambayoyi a rubuce tun kafin ranar, za ta haddace ta zo tana karanto muku kamar a gaban malami, ku dai gaya mata abin da za a taɓo.

Wanda ya fi wuya shi ne yin shiru. In ta gama amsa mai tambaya ya ƙirga biyar a zuciyarsa yana kallonta, sau da yawa abin da ya fi komai a fim ɗin a wannan shirun yake fitowa, don mutum zai ga kamar bai gama ba ya ƙara. Kuma mu mun saba in ana mana magana sai mun riƙa "haka ne, ƙwarai, to to", wannan duk zai hau kan muryarta kuma ba ya cirewa, kai za ka gyaɗa kawai. Mai tambaya ya zauna dab da kyamara idonsa daidai tsayin gilashinta, sauran 'yan rukuni su fita, mutum huɗu sun zuba mata ido dole ta daskare. Ku roƙe ta ta riƙa cika jimla, maimakon "goma sha biyu" ta ce "na fara ina shekara goma sha biyu", tunda muryar mai tambaya za a cire. In har yanzu kujera na takura ta, ku bar ta a kan kekenta tana yanka tana magana, sai dai a tsayar da keken lokacin amsa saboda ƙara. Tambayar ƙarshe kullum: akwai abin da ban tambaya ba da ya kamata in tambaya?

Bayan hira kada ku tafi sai kun ɗauki hotunan da za su rufe yanka. Akwai tsarin ɗauka biyar da Michael Rosenblum, wani mai horar da 'yan jaridar bidiyo a Amurka, ya yaɗa: hannu kurkusa, fuska kurkusa, wurin gaba ɗaya, ta bayan kafaɗa, sai wata kusurwa ta daban. Kowanne a riƙe aƙalla daƙiƙa 10 ba motsi. Sabon hannu daƙiƙa uku yake yi ya ɗauke, ya zo tacewa ya rasa abin kamawa.

Tambaya: Malam gardama ta kaure a rukuninmu, batir ya mutu lokacin da mutumin da muke bi yake buɗe wurin aikinsa da safe, wani ya ce mu sa shi ya maimaita ni na ce in an maimaita ai ya zama wasan kwaikwayo, waye da gaskiya?

Amsa: Gardamar nan ta girme ku duka. Fim ɗin Robert Flaherty na 1922, Nanook of the North, kan mutanen Inuit na arewacin Kanada, ana lissafa shi cikin dogayen dokumentari na farko, kuma har yau ana sukarsa kan wannan. Ya sa sun yi farauta da mashi alhali a lokacin sun riga sun saba da bindiga, ɗakin ƙanƙarar da aka nuna cikinsa ma an gina shi ne gefe ɗaya a buɗe don haske ya ishi kyamara.

Ni ga inda na ja layi. Abin da mutum ke yi kullum, irin buɗe ƙofa da share wuri da jera kaya, ku ce ya sake ko ku dawo gobe da safe, ba ku yi wa kowa ƙarya ba. Amma ku sa shi abin da ba ya yi, ko ku ce ya sake kuka don na farko bai fito da kyau ba, ko ku kawo abokinku ya zama kwastoma mai masifa, wannan ƙirƙira ce, in kun yi dole ku rubuta a allo cewa kwaikwayo ne. Kuma ƙaryar da ta fi yawa a dokumentari ba wurin ɗauka ake yin ta ba, wurin tacewa ne. A wajajen 1920 Lev Kuleshov, wani mai shirya fim a Rasha, ya nuna cewa fuska ɗaya in ka jera ta da hotuna daban daban, masu kallo fassara daban za su yi mata. Wato in ka ɗauko shirun da mutumin ya yi yana jiran ku gyara makirfo, ka manna shi bayan tambaya kan rasuwar ɗansa, ka ƙaga masa baƙin cikin da bai nuna ba a lokacin.

Tunda an zo nan, kun karɓi izininsa? A rubuce ya sa hannu, ko ya faɗa da bakinsa a gaban kyamara, kuma a gaya masa takamaimai inda za a nuna, don wanda ya yarda malamai uku su gani a aji bai yarda duniya ta gani a YouTube ba. Yara sai da izinin iyaye. In ya faɗi abin da zai iya jawo masa kora daga aiki ku ne za ku ja hankalinsa, ku maki kuke nema, shi kuwa a nan zai ci gaba da zama bayan kun gama makaranta.

Tambaya: Yallaɓai mun ɗauko kusan awa bakwai, laftof ɗina da na buɗe sai ta maƙale, kuma ban ma san ta ina zan fara ba komai gani nake yana da muhimmanci.

Amsa: Kafin komai kwafi. Guda uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban ba jakar da laftof take ba, kuma kar a goge memori sai an buɗe kwafin an ga yana yi.

Sannan rufe laftof ɗin ka ɗauko takarda. Saurari hirarrakin ka rubuta abin da aka ce da mintin da aka faɗa, aiki ne mai gundura amma shi ne rabin tacewar. Ja layi a ƙarƙashin jimlolin da suka taɓa ka, yanka su da almakashi, jera a ƙasa, ka yi ta juya su har labarin ya miƙe. Sai ka haɗa muryoyin kaɗai a kwamfuta ka saurara ido rufe, in ya tafi a kunne sai a ɗora hoto. Haɗin farko zai kai minti ashirin ko fiye, kar ka tsorata, haka yake. Nuna wa wanda bai san komai kan aikin ba, zauna a bayansa kana kallonsa shi ba allon ba, duk inda ya gyara zama ko ya leƙa waya ka sa alama. Hoton da kuka sha wahala kafin ku samu shi ne zai fi wuyar yankewa, kuma mai kallo bai san wahalar ba.

Maƙalewar kuwa, duba manhajar tacewar da kake amfani da ita: DaVinci Resolve na da na kyauta kuma yana da kyau amma yana son kwamfuta mai ƙarfi, Shotcut da Kdenlive kyauta ne kuma sun fi sauƙi. Dukkansu suna iya yin ƙananan kwafi marasa nauyi da ake ce wa furoksi, ka yi aiki da su, wurin fitarwa manhajar ta koma kan na asali. In ka ga baki da murya suna rabuwa a hankali, wayoyi ne ke ɗauka da adadin hoto mai hawa da sauka, bi da fayil ɗin ta manhajar HandBrake ka mayar da shi tsayayye.

Tambaya: Malam zan iya sa waƙar da nake so a ƙarƙashi tunda ba sayarwa zan yi ba, na ji an ce in bai wuce daƙiƙa talatin ba babu laifi?

Amsa: Maganar daƙiƙa talatin ɗin nan jita-jita ce. A ƙarƙashin yarjejeniyar Berne, wadda ta faro tun 1886 kuma mafi yawan ƙasashe ke ciki, haƙƙin mallaka na hawa aiki ne kai tsaye ba sai an yi rajista ba, kuma rubuta sunan mawaƙi a ƙarshe ba izini ba ne. A aji wataƙila ba mai kula ka, amma ranar da ka ɗora a YouTube tsarinsu na Content ID zai iya gano waƙar, a toshe bidiyon ko kuɗin talla ya tafi wurin mai ita. Duba ɗakin kiɗan kyauta na YouTube, ko masu lasisin Creative Commons, wato waɗanda masu su suka yarda a yi amfani da su bisa sharaɗi, ka karanta sharaɗin: BY na nufin dole ka ambaci mai shi, NC na nufin ban da kasuwanci. Ko ka sami ɗalibin da ke kiɗa ya yi maka, ya ba ka izini a rubuce. Ni dai da za ka ji tawa, gwada fim ɗin ba kiɗa tukuna, ƙarar wurin aikin kanta takan wadatar.

In kuma kana da niyyar tura shi gasar finafinai, sa masa fassara a ƙasan allo, layi biyu iyaka kowane layi kar ya wuce haruffa 42, kuma kar ka sake shi a fili a intanet sai ka karanta dokokin gasar, don wasu ba sa karɓar fim ɗin da aka riga aka saki. Ɗora shi a ɓoye ka tura musu mahaɗin kawai.